Sunan Aro

Abu uku Goggo Ladidi ta bar mana:
maɓallin ƙarfe guda, ya yi kore,
rabin hoto da gara ta cinye wa fuska,
da magana ɗaya tak:
"Kakanku Ɗan'azumi ya shiga jirgi a bakin Binuwai
shekarar da aka kwashi samari.
An ce waiwaye adon tafiya. Shi bai yi adon ba."

Na fara daga Lopere, gidan majema,
inda warin bagaruwa ke tarbar baƙo tun daga zaure.
Tsofaffi suka ce Fallomi aka kai su.
Wani ya ce hamada ta haɗiye shi,
wani ya rantse ya gan shi a Abeshe yana auna kanwa.
Kowa da kabarin da ya haƙa masa a baki.

A ofishin tsoffin sojoji na Garwa
akawu ya lashi yatsa, ya bi layi har ƙasa,
ya rufe littafi, ya ce, "Babu.
Ku sunan rana kuke bayarwa,
Bature kuwa ya rubuta abin da kunnensa ya iya ɗauka."

Kwana biyu a mota zuwa Kuseri, na haye gada.
Ɗaki ne mai taga ɗaya a Njamena,
takardu dami-dami kamar an girbe su,
igiya ta ci gefensu, ɓera ya ci tsakiya.
Madam Nelum, mai tsaronsu, ta gyara tabarau ta ce,
"Bar suna. Suna riga ce, ana aro.
Faɗa mini abin da jikinsa ba zai iya ɓoyewa ba."
Na ce wuƙar jima ta cire masa ƙaramin yatsan hagu.

Ran kwana na tara ta miƙo mini.
Lamba dubu biyu da ɗari bakwai da sha huɗu.
Haihuwa: wajen alif ɗari tara da sha tara, Garwa.
Sana'a: manomi.
(Shi da bai taɓa riƙe fartanya ba.)
Alama: yatsan hagu guntu.
Zazzaɓi, bakin wata rijiya a hanyar Faya.
Suna: Tanimu ɗan Jatau.

Na zauna a ƙasa.

Tanimu ai na san shi.
Wan kakana ne, ni nake cika masa buta,
yatsunsa goma cif, na ƙirga su ina koyon lissafi.
Mai tarin nan da ba ya barin gida barci.
Shi ya yanka wa babana ragon suna,
shi ya biya masa sadaki,
ya rasu da furfura har a gira.
Ashe shi aka kira a dandali,
ƙane ya dubi ƙirjin wansa, ya ce, "Na'am."

Sai yanzu na gane
abin da ya sa in an ce "Tanimu"
sai an maimaita kafin ya ɗago,
kamar mai jiran wani ya riga shi amsawa.
Shekara arba'in yana yawo da sunan da aka riga aka binne.

A gindin takardar akwai dangwalen babban yatsa,
tawada ta koɗe, ta koma launin ƙasa.
Na kai nawa zan ɗora.
Madam Nelum ta ce, "Ba a taɓawa."
Sai ta juya tana neman wani abu a kan kanta,
ta daɗe tana nema.

Yau na shimfiɗa takardar asalinmu a tabarma.
Kowane reshe da layinsa, kowane layi da mutum guda.
Na zo kan 'ya'yan Jatau, fensir ya tsaya.
Ɗaya na kwance a Garwa, ɗaya a ƙarƙashin yashi,
suna ɗaya suka raba kamar goro.
'Yata Uwani ta ce, "Baba, wanne ne namu?"
Na ba ta maɓallin ta riƙe,
na ce ta kawo mini magogi.